Ziyarar wuraren tarihi a Abilene ta jihar Kansas: tambayoyin da mutanenmu suka fi yi

Duk wanda ya zauna a tsakiyar Kansas, ko karatu ne ya kawo shi Manhattan (ta Kansas, ba ta New York ba) ko aiki a Wichita ko Salina, ba ya daɗewa sai wani ya ce masa "wai ka je Abilene kuwa?" Tambayoyin nan su ne dai suke ta dawowa daga sababbin zuwa da masu shirin fita da iyali ko baƙin da suka zo daga gida, shi ya sa aka tara su waje ɗaya. Na hanya da kuɗi su ne a sama, masu ɗan nauyi suna can ƙasa.

Ina ne Abilene ɗin, kuma me ke cikinta da ake ta maganarta haka?

Ɗan ƙaramin gari ne a kan babbar hanyar I-70, mutanensa ba su kai 7,000 ba, kewaye da gonakin alkama da dawa da fili fetal iya ganinka. Shi ne hedikwatar gundumar Dickinson. Abu biyu suka fito da sunansa, na farko cinikin shanu daga 1867 zuwa 1871, na biyu kuma Dwight Eisenhower, janar ɗin da ya jagoranci sojojin ƙawance a Turai lokacin yaƙin duniya na biyu ya kuma zama shugaban Amurka na 34. A nan ya tashi, a nan kabarinsa yake.

Don Allah ku lura wajen sa suna a taswirar waya, akwai wata Abilene a Texas wadda ta fi wannan girma nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ita waya take fara nunawa. Ta Texas ɗin ma sunan ta Kansas aka ara aka sa mata.

Yaya ake zuwa? Ni ba ni da mota.

To gaskiya sai ka nemi mai mota ko ka yi haya. Jirgin ƙasa na fasinja ba ya bi ta garin, kuma kar ka dogara da Uber, ko ka samu wanda zai kai ka daga Manhattan dawowar ce za ta zame maka aiki. Daga Manhattan minti 45 ne a mota, daga Salina bai kai rabin awa ba, Wichita kamar awa ɗaya da rabi, Kansas City kuwa wajen mil 150 ne, ka ƙiyasta awa biyu da rabi in za ka tsaya shan mai. Masu tahowa daga Kansas City su sani tsakaninta da Topeka hanyar ta kuɗi ce, kuma tun 2024 ba a tsayawa biya a get, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota a aiko maka da bil daga baya, in motar haya ce kamfanin ya kan ɗora nasa a kai.

Kana sauka daga I-70 a mafita ta 275 sai ka miƙe titin Buckeye ka yi kudu, shi ne ya ratsa garin tun daga sama har ƙasa, kusan duk abin da ka zo gani a kansa yake ko a gefensa.

Nawa ake biya, kuma awa nawa ya kamata in ware?

Shiga harabar Eisenhower (filin da gidansa da gidan tarihinsa da kabarinsa suke) da yawo cikinta da zuwa wajen kabarin duk kyauta ne, fakin ma kyauta. Gidan tarihin da gidan da ya tashi a ciki su ne na tikiti. Farashi da ranakun buɗewa suna canzawa tsakanin bazara da hunturu, a duba shafinsu kafin a kama hanya, musamman in Lahadi ko Litinin za a je. Wani abin da mutane ba sa kawowa a ransu, wajen na gwamnatin tarayya ne, hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa ke riƙe da shi, saboda haka duk sanda 'yan majalisa a Washington suka kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi aka rufe gwamnati, shi ma kulle shi ake yi.

Lokaci kuwa, harabar kaɗai awa uku in mutum mai karanta rubutun jikin bango ne. In za a haɗa da maƙabartar gari da ɓangaren shanu a ware yini guda kawai a huta.

Waye Eisenhower ɗin a taƙaice, don kar in je ina ta kallon hotuna ban san kan zance ba?

An haife shi a Denison ta Texas ran 14 ga Oktoba 1890, yana ɗan jariri iyayensa suka dawo Kansas. Babansa David ma'aikaci ne a kamfanin sarrafa madara na Belle Springs, shi ma Dwight ɗin ya yi aikin dare a can bayan ya gama sakandare. Ya shiga makarantar hafsoshi ta West Point a 1911, ya fito 1915. A yaƙin duniya na biyu shi ya jagoranci saukar sojojin Amurka da Ingila a Arewacin Afirka a Nuwamba 1942, sannan saukar Normandy a Faransa ran 6 ga Yuni 1944. Ya yi mulki daga 1953 zuwa 1961, ya rasu 28 ga Maris 1969. Ita kanta hanyar I-70 da ka biyo, dokar gina manyan hanyoyin da ya sa wa hannu a 1956 ce ta haifar da ita. Mutanen garin Ike suke ce masa, za ka ga sunan a jikin komai har shagon sayar da tsaraba.

Da me zan fara in na shiga harabar?

Gine-gine biyar ne a fili mai eka 22: ofishin karɓar baƙi, gidansu, gidan tarihi, laburare, da ginin kabarin. Yawancin mutane gidan tarihi suke fara afkawa saboda shi ya fi girma, su fito a gajiye su leƙa gidan a gurguje. Ni a ganina kuskure ne. Ka fara da gidan tukuna, da ƙarfinka, don duk lambobin yabo da takubban zinare da za ka gani daga baya ba za su yi maka ma'ana ba sai ka ga ɗakin da mutumin ya kwana yana yaro. Daga nan gidan tarihi, sai mutum-mutumin, kabarin ya zama na ƙarshe. Dama gidan ba a shiga kai tsaye, rukuni-rukuni ake shigar da mutane da mai yi musu bayani, ka karɓi lokacinka tun wajen yankar tikiti.

Gidan na asali ne ko sake ginawa aka yi?

Na asali ne kuma a inda yake tun farko, sauran gine-ginen ne aka zo aka kewaye shi da su. Ɗan gidan katako ne fari mai ƙasa da sama, sun shige shi a 1898, a hannun ɗan'uwan babansa mai suna Abraham suka same shi. Yara maza shida suka tashi a ciki, Arthur, Edgar, Dwight, Roy, Earl da Milton (na bakwai, Paul, ya rasu yana jariri), kuma in ka tsaya a falon sai ka yi ta lissafin yadda aka yi mutum tara har da kaka suka zauna a nan. Kudu da layin dogo yake, ɓangaren masu ƙaramin ƙarfi kenan a zamanin, masu kuɗi suna arewa, za ka gane bambancin in ka je gidan Seelye da aka yi bayaninsa a ƙasa.

Mahaifiyarsu Ida ta zauna a gidan har ta rasu a 1946, shekara na zagayowa aka buɗe shi ga jama'a, shi ya sa kayan ciki nasu ne na ainihi, har da piyanonta. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne matar nan aƙidarta ta addini ba ta yarda da yaƙi ba sam, ranar da ɗanta ya tafi makarantar soja kuka ta yi, amma ba ta hana shi ba. 'Yan K-State, wato Jami'ar Jihar Kansas, kuma ga naku, autan gidan Milton shi ne ya shugabanci makarantarku daga 1943 zuwa 1950.

Yaya wajen kabarin yake?

Wani ɗan siririn gini ne na farin dutsen Kansas mai hasumiya, an gama shi 1966 tun yana da rai, sunansa Place of Meditation. Ciki akwai tagogi masu gilashi kala-kala da 'yan kujeru, kabarurrukan suna ɗan ƙasa an zagaye su da ƙarfe. Mutum uku ne a ciki, shi, da matarsa Mamie da ta rasu 1979, da ɗansu na fari Doud wanda zazzaɓi ya kashe a 1921 yana shekara uku, daga Denver aka ɗauko gawarsa aka dawo da ita nan. Shi Eisenhower a jirgin ƙasa aka kawo gawarsa daga Washington aka binne ran 2 ga Afrilu 1969, cikin kakinsa na yaƙi, a akwatin gawa irin na kowane soja na dala 80, haka ya bar wasiyya.

A jikin bango an sassaƙa wasu maganganunsa. Ka nemi wadda ta fito daga jawabinsa na Afrilu 1953, inda yake cewa duk bindigar da aka ƙera da duk jirgin yaƙin da aka saka a ruwa sata ce daga bakin mai yunwar da ba a ciyar ba. Janar mai tauraro biyar ne fa yake faɗin haka. Ka riƙe ta a ranka sanda za ka karanta amsar da ke maganar Lumumba, firaministan Kwango na farko.

Ni Musulmi ne, babu laifi in shiga wajen kabarin ko in tsaya gaban mutum-mutumi?

Wannan hukunci ne na malamai, kowa ya tambayi malaminsa, amma ga yadda wajen yake don tambayar ta tafi daidai. Ginin ya yi kama da ƙaramin coci amma ba a taron ibada a cikinsa yau da kullum, ba mai ce maka ka durƙusa ko ka sunkuya ko ka karanta wani abu, shiga ake yi a tsaya a duba a fita. Da yawa cikin mutanenmu suna shiga da niyyar ganin tarihi da tuna mutuwa, wasu kuma suna tsayawa daga bakin ƙofa su jira, kuma ba wanda zai kalle ka don ka ƙi shiga. Abin da ake buƙata kawai a rage murya, a kashe ƙarar waya, a riƙe yara kar su yi ta guje-guje, sau da yawa za ka tarar da tsofaffin sojoji ko iyalansu a zaune shiru. Hula ko hijabi ba matsala. Su Turawan ne suke cire hular hana sallah don girmamawa, al'adarsu ce, ba dokar wajen ba ce.

Me ya fi cancantar a tsaya a kai a gidan tarihin da harabar?

An sake fasalin gidan tarihin gaba ɗaya aka buɗe a 2019, yanzu labarin a jere yake daga yarinta har ritaya. Akwai teburin da aka yi shirin saukar Normandy a kansa, da motarsa Cadillac ta 1942, da wata tsohuwar mota mai aiki da lantarki ta 1914 ta surukarsa, wadda samari masu ganin Tesla ce farkon abin ya kamata su gani. Amma in abu ɗaya za ka nema ka nemi labarin 'yar takardar da ya rubuta da fensir ana gobe za a sauka Normandy, wadda ya tanada ko da harin ya ci tura, a ciki ya ce in akwai laifi to nasa ne shi kaɗai. Don tsabar abin da ke kansa ma sai ya rubuta 5 ga Yuli maimakon Yuni. Takardar ta ainihi a laburaren nan take ajiye.

A waje kuma mutum-mutuminsa na tagulla ne mai tsawon ƙafa 11, an kafa shi 1985, yana tsaye cikin kaki ya riƙe ƙugu. Can ƙarshen fili akwai dogayen ginshiƙai biyar masu rubutu. Nan kowa ke ɗaukar hoto, minti goma ya isa.

Kakana ya yi yaƙin Boma. A ƙarƙashin Eisenhower suka yi yaƙi?

A'a. Sojojinmu na Najeriya da Gana da suka je Boma, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a ƙarƙashin Ingila suke, fagen daga daban da kwamandoji daban, Japanawa suka yaƙa. Saboda haka kar ka shiga kana neman hotonsu, babu. Amma 'yan'uwanmu na ɓangaren Faransa labarinsu daban ne, sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta ɗiba daga ƙasashen da take mulka, har da Nijar, suna cikin waɗanda suka sauka a kudancin Faransa a Agusta 1944, kuma daga watan Satumba rundunar tasu ta koma ƙarƙashin babban kwamandan ƙawance, wato shi. To in kakanka ta wannan ɓangaren ya bi, e, ana iya cewa ya yi yaƙi a ƙarƙashinsa.

Akwai wata alaƙa tsakaninsa da ƙasashenmu?

Akwai, kuma ta fi yadda ake zato. Gana a 1957, Nijar ran 3 ga Agusta 1960, Najeriya ran 1 ga Oktoba 1960, duk yana kan mulki suka samu 'yanci. Gwamnan New York Nelson Rockefeller ya tura ya wakilce shi a bikin Legas, kuma da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Amurka a watan don shigar da Najeriya Majalisar Ɗinkin Duniya sun gana. A Oktoba 1957 wani gidan abinci a jihar Delaware ya hana ministan kuɗin Gana Komla Gbedemah zama saboda launin fatarsa, abin ya zama abin kunya a jaridu, sai Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House. A dai shekarar, ran 28 ga Yuni, shi ya halarci buɗe Cibiyar Musulunci ta Washington ya yi jawabi. Rikicin Suez na 1956 kuwa shi ya matsa wa Ingila da Faransa da Isra'ila lamba suka fice daga Masar.

Akwai kuma alaƙar yankin kansa, wadda ta zo bayan mulkinsa, malaman Jami'ar Jihar Kansas da ke Manhattan suna cikin waɗanda suka taimaka wajen kafa tsangayar noma da ta likitan dabbobi a ABU Zariya a shekarun 1960 zuwa 1970. Kar ka yi mamaki in ka haɗu da wani dattijo a yankin ya ce maka ya taɓa zama a Samaru.

Na ji an ce da hannunsa a kashe Lumumba. Za a nuna wannan a can?

Kar ka sa ran ganinsa da manyan baƙaƙe a bango. Abin da yake tabbatacce shi ne a 1975 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Frank Church ya binciki lamarin, ya gano CIA ta shirya kashe Patrice Lumumba da guba a 1960 har an kai gubar Kwango, ya kuma ce shaidun da ya ji sun isa a fahimci cewa umarnin daga shugaban ƙasa ya fito, duk da wasu na kusa da shi sun musanta. Ba a yi amfani da gubar ba, 'yan awaren Katanga ne da jami'an Beljiyam suka harbe shi ran 17 ga Janairu 1961. A wannan ranar ce kuma, ita ɗin dai, Eisenhower ya yi jawabinsa na bankwana da ake ta yabo, wanda ya gargaɗi Amurkawa kan haɗin bakin sojoji da kamfanonin ƙera makamai. Juyin mulkin Iran na 1953 da na Guatemala na 1954 su ma a zamaninsa CIA ta kitsa su.

Mutumin nan kuma shi ne ya tura sojoji Little Rock ta jihar Arkansas a 1957 suka raka yara baƙaƙe tara makaranta da gwamnan jihar ya hana su shiga. Duka biyun shi ne. Gidan tarihi irin wannan mutanen garinsu da masoyansa ne suka fara tara kuɗin gina shi, ba za ka ga laifinsu ba don sun fi haska abin alfahari, amma kai da ka fito daga nahiyar da aka yi abin a cikinta bai kamata ka shiga ba ka san wannan ɓangaren ba. Takardun zamanin da yawa an buɗe su, suna ginin da ke fuskantar gidan tarihin, duba amsa ta gaba.

Ana barin mutum ya shiga laburaren ya yi bincike?

Ana bari, kuma kyauta, ba sai kai ɗan ƙasa ba ne. Ba laburaren aron littafi ba ne, ma'ajiyar takardu ce, shafi wajen miliyan 26, an buɗe ta 1962. Ka rubuta musu tun kafin ka zo ka faɗi abin da kake nema, ka taho da katin shaida mai hoto, za su ba ka katin mai bincike su fito maka da akwatunan. Ɗalibanmu masu rubuta digiri kan siyasar Amurka a Afirka lokacin karɓar 'yanci, wallahi abin takaici ne mutum ya yi shekara huɗu a Manhattan bai taɓa leƙawa ba.

To maganar shanun fa? Me ya haɗa garin da kaboyi?

Bayan yaƙin basasar Amurka shanu sun yi yawa a Texas ba mai saye, a biranen gabas kuma nama na tsada. Wani dillali ɗan Illinois, Joseph McCoy, ya ga layin dogo ya iso Abilene, a 1867 ya gina kara da ma'auni da masaukin baƙi, ya aika kudu a gaya wa masu shanu su koro su nan. A shekarar farko kai 35,000 suka iso, a 1871 ana maganar dubu ɗaruruwa. Tafiyar wata biyu zuwa uku ce a kan doki ta hanyar da ake kira Chisholm. Wanda ya san yadda fatake suke koro shanu a ƙasa daga Arewa zuwa Ibadan da Legas kafin tirela ta karɓe aikin, da yadda zango yake cika da dillalai da masu abinci da 'yan caca, ya riga ya san Abilene ta lokacin.

Shekara biyar kacal abin ya yi. Manoma sun gaji, shanun Texas suna tattake gonaki suna kuma ɗauke da kaska mai sa wa shanun gida cutar da ke kashe su, mutanen gari kuma sun gaji da mashaya da harbe-harbe, a 1872 suka fitar da sanarwa cewa masu shanu su nemi wani wajen. Cinikin ya koma Ellsworth da Wichita, daga baya Dodge City. Abin dariyar shi ne yau zamanin da kakanninsu suka kora shi suke tallatawa. Old Abilene Town da ke kudu da harabar Eisenhower kwaikwayo ne, an haɗa wasu tsofaffin gine-gine da aka ɗauko daga wurare da waɗanda aka gina sabo, ana wasan harbe-harbe na ƙarya a ƙarshen mako lokacin bazara. Yara suna so. Kar dai ka ɗauka a nan ainihin abin ya faru.

Ina kabarin Wild Bill Hickok yake?

Ba a nan yake ba, yana Deadwood ta South Dakota inda aka harbe shi a 1876. A Abilene wata takwas kawai ya yi yana shugaban 'yan sandan gari a 1871, ya ƙare da mummunan abu, ran 5 ga Oktoba ya harbe wani mai mashaya Phil Coe, a cikin ruɗanin ya juya ya harbe abokinsa Mike Williams da ya rugo kawo masa ɗauki. A Disamba aka sallame shi.

Wanda ke kwance a maƙabartar Abilene, kuma ya fi shi cancantar a tuna, shi ne wanda ya gada, Tom Smith. Shi ya hana yawo da bindiga a cikin gari a 1870, kuma yawanci da ƙulli yake ladabtar da masu taurin kai ba da harsashi ba. Ran 2 ga Nuwamba na shekarar aka kashe shi a wata gona a bayan gari ya je kama wani da ake zargi da kisa. A 1904 mutanen gari suka ɗora wani ƙaton dutse a kan kabarinsa da rubutun yabo. Maƙabartar tana arewa maso yammacin gari, kyauta ce, ba layi ba tikiti, iyayen Eisenhower ma a can suke. Mutane kaɗan ne ke zuwa, ni kuwa da za a ce in zaɓa tsakaninta da Old Abilene Town ita zan ɗauka.

Ban ga komai kan 'yan asalin ƙasar ko baƙaƙen fata ba. Babu su ne a tarihin?

Akwai su, dutsen tunawa ne ba a cika kafa musu ba a cikin garin. Sunan jihar ma daga ƙabilar Kaw ko Kansa ya fito, waɗanda aka kwashe daga Council Grove aka kai Oklahoma ta yanzu a 1873. Jesse Chisholm da hanyar shanun ke ɗauke da sunansa ɗan kasuwa ne, mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Cherokee. Cikin makiyayan da suka koro shanun nan kuwa da yawa baƙaƙe ne 'yantattun bayi da 'yan Meziko, ko da finafinai sun nuna akasin haka.

In kana son wannan ɓangaren sai ka ƙara mai. Junction City, minti 25 gabas, akwai wajen tunawa da baƙaƙen sojojin doki da ake kira Buffalo Soldiers. Kusa da Council Grove ƙabilar Kaw suna da filin tunawa nasu mai suna Allegawaho. A Topeka akwai makarantar Monroe ta shari'ar Brown ta 1954 da ta soke raba makarantu bisa launin fata. Nicodemus kuma, garin da 'yantattun bayi suka kafa a 1877, yana can arewa maso yamma, tafiyar yini ce ta daban. Barikin Fort Riley akwai gidajen tarihi a ciki amma ba a shiga haka kawai, wanda ba ɗan ƙasa ba ya bincika sharuɗɗan kafin ya je get a mayar da shi.

Da yara zan je, me zai riƙe su?

Dickinson County Heritage Center, bayan harabar kaɗan. Akwai lilon dawakin katako da C.W. Parker ya ƙera a 1901, har yau yana aiki ana hawa, da ɓangaren tsofaffin wayoyin tarho, don kamfanin da C.L. Brown ya kafa a garin nan a 1899 shi ne ya rikiɗe ya zama kamfanin wayar Sprint. Sai jirgin ƙasan yawon buɗe ido da ke tashi daga tsohuwar tashar Rock Island ta 1887 ya je ƙauyen Enterprise ya dawo, wani lokacin da kan jirgi mai tururi na 1919, amma ba duk shekara yake aiki ba. A Eisenhower Park akwai ƙaton kan bel da aka kafa 2022 ana cewa ya fi na ko'ina girma a duniya, ana hawa bayansa a yi hoto. Tsallaken titi daga harabar kuma gidan tarihin karnukan tsere ne, kyauta, sai dai karnuka masu rai ne ke tarbar baƙi a ƙofa, wanda ba ya son kare ya taɓa masa kaya ya sani tun yanzu.

Gidan Seelye ya cancanci kuɗinsa?

In kana da sauran awa ɗaya da rabi, e. Wani A.B. Seelye da ya yi kuɗi da sayar da magungunan gida-gida ya gina shi a 1905, ɗaki 25, yawancin kayan ciki daga baje kolin duniya na St. Louis na 1904 aka sayo su, kuma 'ya'yansa mata biyu sun zauna a ciki har tsufa ba su canza kusan komai ba. Yana Buckeye ta arewa. Amfaninsa a wajena ka gan shi rana ɗaya da gidan su Eisenhower, tafiyar minti biyar ce tsakaninsu a mota.

Sallah da abinci fa?

Babu masallaci a Abilene, in Juma'a ce ka shirya yin ta a Manhattan ko Wichita. Sauran salloli ka taho da darduma, ga fili ko'ina a wuraren shaƙatawa ba mai hana ka, alƙibla daga Kansas arewa maso gabas take ba gabas sak ba. Naman halal ma babu, gari ne na naman shanu da na alade da soyayyar kaza, ka tambaya ko wake da miya an sa musu naman alade don suna yawan yi. Mafi sauƙi uwargida ta dafo shinkafa a zuba a kula, akwai tebura a Eisenhower Park. Gidajen abinci da yawa suna rufewa da wuri, ran Lahadi wasu ba sa buɗewa ma.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ko Afrilu da Mayu. Yuli da Agusta zafi na wuce digiri 35 ga gumi, kar ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne, harabar fili ce kuma tsakanin gine-ginen da ƙafa ake bi. Disamba zuwa Fabrairu sanyin ba shi ne matsalar ba kamar iskar, ba dutse ba daji da zai tare ta, kuma jirgin yawo da Old Abilene Town duk a rufe suke ko sun rage aiki. Afrilu zuwa Yuni lokacin guguwar nan ce mai juyawa, ka duba hasashen yanayi da safe, in ka ji jiniyar gari tana kuka ba tsayawa ka shiga gini mafi kusa ka bi ma'aikata, kar ka tsaya ɗaukar bidiyo.

Masu son ganin taro, farkon Yuni ana kiɗan tunawa da saukar Normandy a harabar da yamma, a tsakiyar Oktoba kuma wajen ranar haihuwarsa tsofaffin sojoji suna kwana suna gadin kabarin, da safe sojoji su ajiye furanni. Ranakun nan fakin na cika da wuri, a fito da sassafe.